Kara kaɗai ba ya riƙe tunkiya: yadda nake ciyar da tumakina da rani

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua. Ina da tumaki mata bakwai, dukkansu 'Yankasa, kuma kowace shekara nakan sayi raguna uku ko huɗu, Uda ko Balami, in ɗaure a turke har Babbar Sallah. Abin da zan faɗa a nan sai da na rasa tunkiya da 'ya'yanta biyu kafin na koye shi, kuma ba na fatan wani ya koye shi ta wannan hanya.

Shekarar da na fara cin gashin kaina dawa ta yi mini kyau. Na tara kara dami-dami har rumfa ta cika. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa tun kaka na sayar, saboda ina neman kuɗin rufin ɗaki. A lissafina, tunda ga kara nan jibge, tumaki ba za su kwana da yunwa ba, kuma lallai kwami bai taɓa zama fayau ba. Amma kafin ƙarshen watan Maris gashinsu ya tashi, ƙashin baya ya fito, ciki kuwa ga shi nan kamar tulu. Suka koma lasar bango, suna taunar tsumma da leda. Babbar cikinsu ta haifi tagwaye, nono babu, 'ya'yan suka mutu kwana biyu tsakani, ita ma ba ta ga faɗuwar ruwa ba.

Kawuna ya zo mini jaje. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana ɗora hannu a gadon bayansu, sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, ina harawarka?" Na ce, "Kawu, na sayar." Ya yi shiru, can ya ce, "Ka sayar da miya ka bar su da gaya. Cikinsu cike yake, amma yunwa suke ji."

Daga baya wani malamin gona ya warware mini dalilin maganar Kawu, kuma wanda ya gane dalilin nan, sauran aikin ba zai ba shi wuya ba. Tunkiya ba ita take narkar da kara da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani, su ne ke farfasa kara su mai da shi abin da jiki zai amfana da shi. Su ma halittun nan suna da nasu cin, kuma abin da suka fi buƙata shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Masana kiwo sun daɗe da gano cewa idan furotin ɗin abinci ya gaza wajen kashi 7 cikin 100, halittun sukan yi sanyi. Busasshen karan dawa, na gero, na masara, da haki irin na shinkafa, nasu yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5 ne kawai. To sai kara ya shiga tumbi ya kwanta, ya daɗe bai narke ba, tunkiya ta ji cikinta dam, ta rage ci, ta shiga cin naman jikinta. Ita ce ramar da na gani.

Saboda haka ɗan ƙarin da za ka ba ta aiki biyu yake yi. Yana ciyar da tunkiyar, yana kuma farkar da halittun tumbi su narke kara da sauri, ciki ya sami wuri, ta ƙara cin karan. Da idona na ga haka: tunkiyar da ke samun ɗan harawa da safe ta fi cin kara a kan wadda aka bari da kara zalla. Kar kowa ya raina kara. Shi ne tuwon, miya kawai yake jira.

Lissafin miyar

Da yake lissafi nake koyarwa, bari in kawo shi a sauƙaƙe. Mu ɗauka kara yana da furotin kashi 4. Harawa mai ganye tana da wajen kashi 13. In tunkiya ta ci awo biyu na kara da awo ɗaya na harawa, 4 da 4 da 13 sun zama 21, a raba uku, 7 ke nan. Kek ɗin angurya na kasuwa, wanda aka matse da ɓawonsa, yana da wajen kashi 25, don haka awo ɗaya nasa ya ishi awo shida na kara. Ƙuli-ƙuli ko tunkuza sun haura kashi 40, awo ɗaya yana ɗaukar kara awo goma sha ɗaya. Awo a nan nauyi nake nufi, ba cikar kwano ba.

Wannan 7 ɗin ta riƙe rai ce, ta tunkiyar da ba ta da ciki kuma ba ta shayarwa. Ragon turka da tunkiya mai shayarwa suna son abincinsu gaba ɗaya ya kai kashi 12 ko ya ɗan haura.

Ka nemi sikeli mai ƙugiya, irin na masu sayar da kaji. Ba don ka riƙa awo kullum ba. Sau ɗaya za ka auna ka san nauyin dusar da gwangwaninka ke ɗauka, da na kek, da na rungumar harawa guda, daga nan ido da hannu sun wadatar. Da shi kuma nake auna ragunan duk mako biyu: in sa buhu a ƙarƙashin cikin rago, in rataye a reshen darbejiya. Tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana, wato rago mai kilo 30 yana cin kilo ɗaya da 'yan kai.

Harawa ce kan gaba

In an ce in zaɓi abu guda, harawa zan ɗauka, ta wake ko ta gyaɗa. Ba ta kumbura ciki kamar hatsi, ba ta da haɗarin takin yuriya da zan zo kansa a gaba, tana da sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma a gonarka take fitowa. Sai dai ba kowace harawa ce harawa ba. Amfanin yana cikin ganye ne. Wadda aka bari a gona rana ta dake ta har ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe, saura jijiya, ba ta ɗara kara da yawa ba, ko da kuwa a kasuwa kuɗinsu ɗaya da mai kyau.

Ga yadda nake yi. Wake nakan yanke shi da zarar na gama tsinkar 'ya'ya, tun ganyen na kore. In bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku, in naɗe da sassafe lokacin da raɓa ta sa ganyen laushi, don in aka naɗe da tsakar rana rabin ganyen a ƙasa yake zubewa. Gyaɗa ma haka, sai dai ita a kula a kaɗe ƙasar da ke jikin saiwa. Ba na ajiye ta a kan rufin ɗaki a fili kamar yadda muka saba gani, a inuwa nake jibge ta, a kan itace, yadda gara da ruwan bazara ba za su same ta ba. Garin ganyen da ke taruwa a ƙasan rumfa kuma ba shara ba ne, shi ya fi komai amfani. Nakan share shi in zuba a buhu in ajiye wa masu shayarwa.

Mai gona ya yi tunanin harawa tun ranar shuka. Kanannado da iyayenmu ke shukawa a cikin dawa yana jinkirin 'ya'ya amma yana ba da harawa mai yawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ake kira IITA, sun fitar da irin wake masu suna SAMPEA, akwai kuma gyaɗa SAMNUT, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka zaɓa don su ba da 'ya'ya da harawa a tare. Ka tambayi malamin gona wanda ya dace da ruwan yankinku. Kowar wake ma kar ka zubar. Ba ta kai harawa ba, amma ta fi kara nesa, kuma tumaki na son ta.

Kek, ƙuli da dusa

Mu nan ƙasar auduga ce, kek ɗin angurya bai yi mana wuyar samu ba, kuma shi ne abin da nake jingina da shi in harawa ta yi tsada. Nakan farfasa shi ƙanana, in ya yi tauri in yayyafa masa ruwa kaɗan awa ɗaya kafin a ba su. Babban rago gram 100 zuwa 200 a rana ya ishe shi. Amma angurya tana ɗauke da wani dafi da ake kira gosifol. Tumbin babbar dabba yana iya kashe kaifinsa in bai yi yawa ba, na ɗan tunkiya kuwa bai ƙosa ba. Don haka ba na ba ɗan da bai kai wata uku ba, ragon barbara kuma kaɗan nake ba shi, domin yawansa na rage ƙarfin haihuwa. Anguryar shuka da aka yi wa magani kuwa, mai launin nan, ko kyauta aka ba ka kar ta kusanci kwami.

Ƙuli-ƙuli ya fi kek ƙarfi, sai dai mutane ma suna cinsa, don haka tsada gare shi. Abin da nake yi, ina da alkawari da wata baiwar Allah mai yin man gyaɗa a unguwarmu, tana tara mini gutsattsarin da ba ya sayuwa. In daka, in ba kowane rago cikin tafin hannu guda, wajen gram 60 zuwa 80. A nan abin tsoro fumfuna ce. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana haifar da dafin aflatoksin mai lalata hanta. Duk ƙuli ko kek da ya canza launi, ko yake warin ruma, ko ya yi ɗaci, a binne shi. Araha irin wannan ba riba ba ce.

Masu yin awara kuma suna da dusar waken suya, wadda ke saura bayan an tace. Tana da furotin sosai. Matsalarta jiƙaƙƙiya ce, kwana ɗaya take tsami da zafin nan namu. Ko dai a ba su a ranar, ko a baza ta a tabarma ta bushe ƙarau.

Sai dusa, kuma a nan zan ɗan tsaya, don a nan mafi yawanmu ke kuskure. In ka tambayi mai turka me yake ba ragonsa, zai ce maka kara da dusa, a ganinsa ya gama komai. Dusar alkama tana da furotin daidai gwargwado, wajen kashi 15 zuwa 17. Ta masara da ta dawa da ta gero kuwa wajen kashi 10 ne ko sama kaɗan, ƙarfi suka fi bayarwa. Dusar shinkafa ta ƙananan injina rabinta ɓuntu ne, wanda ba ya narkewa. Dusa abokiyar kek ce, ba madadinsa ba. In za ka saya, ka ɗebi kaɗan ka zuba a kofin ruwa ka motsa: in da yashi zai kwanta a ƙasa, ɓuntu kuma za ka ji shi yana kartar yatsa. Na taɓa sayen buhu guda a wata kasuwa, da na tankaɗe sai da na fitar da yashi ya fi mudu.

Babban haɗarin dusa ga rago shi ne tsakuwar mafitsara. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi kuwa kaɗan, kuma jikin tunkiya yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In aka juya lissafin, ga kuma ƙarancin ruwan sha, sai tsakuwa ta taru ta toshe hanyar fitsari, wadda a rago siririya ce ƙwarai. Za ka ga yana yunƙurin fitsari ba ya fita sai ɗigo, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora, ya bar ci. In ka ga haka kar ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka nemi likitan dabbobi a ranar, domin mafitsara na iya fashewa. Maƙwabcina ya yi asarar Balami saura mako biyu Sallah ta wannan hanya, ragon da ya sha dusa zalla wata uku. Rigakafin ba wuya: harawa kullum, tunda ita ke kawo kalsiyam, gishiri gram 10 a kowane kilo na haɗin dusa da kek don ya sa shi shan ruwa, garin dutsen nan da masu haɗa abincin kaji ke kira laimiston gram 15 a kilo, da ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana. Kanwa kuwa, duk da mun gaji ba da ita, ni na rage wa ragunan turka ita sosai, saboda tana sa fitsari ya koma yanayin da tsakuwa ke saurin taruwa.

Akwai kuma abin da Allah ya ba mu kyauta. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa kuma suna faɗowa daidai lokacin da ake tsananin buƙata. Furotin ɗinsu ya haura kashi 10, ga zaƙi. Yarana kan tsinto mini buhu-buhu in sun taso makaranta. Nakan daka su sama-sama a turmi, don in an ba su ɗungurungum ƙwayar takan fita a kashi yadda ta shiga, alhali a cikinta furotin ya fi yawa. Ganyen zogale busasshe ma ya haura kashi 20, ko tafi ɗaya aka barbaɗa a dusa ya yi aiki. 'Ya'yan bagaruwa kuwa kaɗan-kaɗan, domin abin da ke sa majema jima da su, shi ne ke ɗaure furotin a ciki in ya yi yawa.

Karan kansa

Kara ma yana da nasa gyaran. A kwashe shi daga gona da wuri, kar a bar shi tsaye har hunturu ya kaɗe ganyen. A sare shi gajeru kamar tsawon yatsa, da adda a kan kututture ko a kai injin datsa. Ban cika son a niƙe shi ya zama gari ba, domin tunkiya tana buƙatar abin da za ta yi tuƙa da shi. Kuma a zuba fiye da abin da za su cinye. Tunkiya mai zaɓe ce, ganye da kan kara take bi ta bar gindin. In ka tilasta mata cinye gindin, ka tilasta mata cin mafi munin abin da ke kwamin. Ragowar nakan ba shanun noma, ko in shimfiɗa a turke ta haɗu da kashi ta zama taki. Yayyafa ruwan gishiri kaɗan ko ƙasari a kan karan yana sa su ƙara ci.

Gargaɗi guda a kan dawa: gyauron da ke tsirowa bayan girbi, ɗanye, yana da dafi mai kisa nan take. Kar a saki tumaki a kansa.

Yinin rago a gidana

Sabon rago in ya shigo, kafin komai sai maganin tsutsar ciki, don ba amfani ka riƙa ciyar da tsutsa da kek. Sai allurar rigakafin annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, allurar da cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi, a wurin ma'aikatan dabbobi. Ina ware shi daga sauran mako biyu. A cikin makonnin nan ne kuma nake saba masa da haɗi: kwana uku na farko kara da harawa kawai, sannan gram 100 na haɗi, in riƙa ƙara kaɗan duk bayan kwana uku har ya kai cikakken rabonsa. Halittun tumbi suna son sabo. Wanda ya cika wa sabon rago kwano da dusa ko hatsi rana ɗaya, zawo da kumburi zai gani, wani lokaci ma mutuwa. Kashinsa nake dubawa kowace safiya. Muddin yana fita ƙwaya-ƙwaya, lafiya. In ya fara curewa ko ya yi ruwa, in koma rabon jiya.

Haɗin nawa shi ne awo biyu na dusa, awo ɗaya na kek, da gishiri da garin dutse kamar yadda na faɗa. Rago mai kilo 30 yana samun gram 300 zuwa 400 na haɗin a rana, rabi da safe rabi da la'asar, da harawa gram 300, kara kuwa iya cinsa. Da asuba bayan na dawo masallaci nakan zuba kara tukuna, su ɗan ci, sannan haɗi. Harawa da yamma nake ba su, su kwana suna tuƙa. Da bazara rago ɗaya na iya shan lita 5 ko fiye, don haka bokiti ba ya bushewa. Da wannan tsari, a sikelina, rago mai lafiya yakan ƙara wajen kilo 3 a wata.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kullum ne. Gara gram 100 kowace rana da kilo guda ranar kasuwa, sauran kwana shida babu. Halittun nan ba sa ajiyar abinci, ranar da ba su samu ba aikinsu ja baya yake yi. Kuma kowane rago da kwanonsa, in ba haka ba mai ƙarfi ya cinye, raunanan su tashi da lasar kwano.

In abin hannunka bai isa kowa ba, kar ka raba daidai. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, kuma mafi yawan girman ɗan a makonni shida na ƙarshe yake, daidai lokacin da ya danne tumbi ba ta iya cin kara da yawa. Ita ce ta farko. Ina fara mata da gram 200 na haɗi, in kai 400 gab da haihuwa, in ci gaba da hakan wata biyu na farkon shayarwa, da mafi kyawun harawar da nake da ita. Bayanta sai 'ya'yan da aka yaye, sai ragunan turka. Wadda ba ciki ba goyo, kara da rungumar harawa ko 'ya'yan gawo sun riƙe ta.

Maganar yuriya

Na bar wannan a baya da gangan, don tana da amfani kuma tana kisa. Takin yuriya, farin nan mai kashi 46 na naitirojin, halittun tumbi suna iya mai da shi furotin. Amma in dabba ta ci shi tsagwaronsa, ko ta sha ruwan da ya narke a ciki, cikin ƙasa da awa ɗaya za ka ga tana rawar jiki, tana dalala, ciki ya kumbura, ta faɗi. Saboda haka ni ba na barbaɗa shi a dusa, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Hanyar da na yarda da ita ita ce a turara kara da shi.

Ga awon: sararren kara kilo 25, yuriya kilo 1, ruwa lita 15. Yuriya fa, ba kamfa ba. A narkar da ita sarai har ba sauran ƙwaya. A haƙa rami ko a sami tsohon rumbun siminti, a shimfiɗa leda mai kauri. A zuba kara kamar kamu ɗaya, a yayyafa ruwan ko'ina da garwar ban ruwa, a tattake da ƙafa sosai, a sake zuba wani, haka har ya ƙare. A rufe da leda, a danne bakin da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ko ta fita ba. Da zafi mako uku ya isa, da hunturu nakan bar shi huɗu. A ciki yuriya takan koma iskar amoniya, ita ce ke sassauta jijiyar kara ta kuma ƙara masa naitirojin, har furotin ɗinsa ya kusan ninkawa.

In ka buɗe, mai kyau za ka gan shi ya yi ruwan ƙasa, ya yi laushi, wari mai hawa kai yana tashi. In ya yi baƙi da fumfuna, iska ta shiga, a zubar. Ka ɗebi na gobe kawai ka baza a inuwa ya kwana warin ya fita, ka mai da ledar ka rufe. A fara gauraya shi da karan da suka saba, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma. Ba a ba ɗan da bai fara tuƙa sosai ba, ba a ba dabbar da ta yini da yunwa, ba a ba jaki ko doki, kuma ba a haɗa shi da ɗanyen waken suya, domin yana sa yuriya ta saki amoniya da gaggawa. Bokitin da aka narkar da takin a wanke shi nan take, buhun kuma a kulle a ɗaki. Ina ajiye kwalbar khal, wato binega, saboda tsautsayi: in alamar guba ta bayyana, a ɗura wa babbar tunkiya kamar rabin lita da ruwan sanyi a hankali, a kuma kira likita ba tare da jira ba. Ko da turararren kara, ragon turka da mai shayarwa suna nan suna buƙatar harawarsu da kek ɗinsu, sai dai abin da za ka kashe ya ragu.

Lokacin saye

A 2025 an yi Babbar Sallah a farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana 11. Ma'ana, a 'yan shekarun nan watanni ukun turka suna faɗawa ne tsakiyar rani da bazara, lokacin da damin harawa ke ninka kuɗinsa na kaka, dusa ma ta hau. Wanda ya bari sai ya sayi rago sannan ya shiga neman abinci, ribarsa a wurin masu harawa za ta ƙare.

Ni tun watan Nuwamba nake lissafi. Rago ɗaya na kwana 90 yana buƙatar harawa wajen kilo 27, dusa kilo 18 zuwa 24, kek kilo 9 zuwa 12. Tunkiya mai ciki, daga makonni shida kafin haihuwa zuwa wata biyu bayanta, kusan haka ita ma. In ninka da yawan dabbobin, in ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda zubewa da ɓera. Harawar gonata ba na sayar da ko dami ɗaya, abin da ya gaza in cika a kasuwa kafin Disamba ta fita. Kek ina saye da an fara gurzar auduga, in jera buhunan a kan katako nesa da bango. Dusa ce kaɗai ba na tarawa fiye da ta wata guda, saboda tana saurin yin ƙwari da ɗaci.

In kuɗi bai kai ka sayi duka ba, ka kwatanta da furotin ɗin da ke ciki, ba da girman buhu ba. Kilo ɗaya na kek yana da wajen gram 250, na harawa gram 130, na dusar masara gram 100, na ƙuli sama da gram 400. Ka raba kuɗin kilo da waɗannan, wanda ya fi sauƙi a makon nan shi za ka ƙara, ka rage ɗayan a hankali cikin kwana huɗu ko biyar. Harawa kaɗai ce ba na cirewa gaba ɗaya ko ta kai nawa, ko gram 150 ne sai ragon ya samu, saboda mafitsararsa.